Wa zai miƙe ya yi tambaya a madadin Gaya?



Daren jiya a fadarmu, ana cikin zuba shayi na biyu, hira ta faɗa kan majalisa. Wani abokinmu ɗan kabu-kabu, wanda a da yake kwasar fasinja daga tasha zuwa bakin gada, ya ajiye kofi ya ce: «Kai malam, bar mu da zancen majalisa. Mi ta taɓa yi muna? Da tana nan da babu ta duk ɗaya ne. Su ci, su sha, su ɗaga hannu.» Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai, don rabinta gaskiya ce, rabin kuwa kuskure ne da muke ɗanɗana kuɗarsa a yau.

Bari in fara da laifina kafin in taɓo na wani. Lokacin da nake jami'a a Yamai, wani malaminmu ya ce mu je mu zauna a wurin baƙi na majalisar dokoki mu kalli zama guda. Na je da zumuɗi, ina tsammanin zan ga cacar baki irin wadda ake nunawa a talabijin ranar ƙuri'ar yanke ƙauna. Sai na tarar ana batun amincewa da wata yarjejeniyar bashi. Wani ɗan majalisa ya miƙe yana karanta rahoton kwamiti: adadin kuɗi, kuɗin ruwa, shekarun biya, aya ta ɗaya, aya ta biyu. Ko awa guda ban yi ba na sulale na fita. Na ce wa abokaina babu komai a wurin sai barci.

Sai yanzu na gane abin da na baro. Bashin da ake karantawa a ranar, ni da ƴaƴana za mu biya shi. Kuma a ranar, ɗan talaka daga Gaya yana da damar ya zauna ya ji nawa ne, daga wa aka karɓo, me za a yi da shi. Damar tana hannuna, na yi hamma na bar ta.

Ga yadda aikin yake tafiya a da, a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, don da yawanmu ba mu taɓa sani ba. A lokacin, majalisa mai kujeru 171 tana zaman doka sau biyu a shekara, na biyun shi ne zaman kasafin kuɗi. Idan majalisar ministoci ta tsara daftarin doka, sai ta aika wa majalisar dokoki. Shugabannin majalisa da na kwamitoci da na rukunonin jam'iyyu su zauna su tsara jadawali. A miƙa daftarin ga kwamitin da abin ya shafa, ko na kuɗi, ko na tsaro, ko na harkokin waje, ko na raya karkara. Kwamiti ya kira minista da ma'aikatansa, wani lokaci har da ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, ya saurare su, ya rubuta rahoto. Daga nan a kawo zauren majalisa, a bi aya bayan aya, a yi gyara, a kaɗa ƙuri'a. Shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar hukuma. Ban da wannan, ɗan majalisa na da ikon aika wa minista tambaya a rubuce, ko ya sa a kira shi ya zo ya amsa da bakinsa a gaban jama'a.

Na san jin wannan jerin kaɗai ya isa ya sa mutum gyangyaɗi. To amma ku lura da abu guda: kowane mataki a cikinsa ƙofa ce. Tsakanin ranar da gwamnati ta yi niyyar abu da ranar da abin zai hau kan talaka, akwai makonni da takarda ke yawo daga hannu zuwa hannu. A cikin makonnin nan ne ɗan jarida ke samun kwafi, ɗan adawa ke fasa ƙwai, ɗan kasuwa ke lissafa abin da zai same shi, mu kuma mu samu abin da za mu riƙe mu yi magana.

Ku tuna da kasafin kuɗin 2018. Ta yaya jama'a suka san akwai sabbin haraji a cikinsa, irin su harajin mazauni, alhali an cire wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga ƙasashen waje? Don daftarin ya shiga majalisa kafin ya zama doka. Shi ya sa mutane suka fito a Yamai ranar 29 ga Oktoba 2017, tun ba a kaɗa ƙuri'a ba. Gaskiya ne masu rinjaye sun amince da shi a ƙarshen Nuwamba. Gaskiya ne kuma ranar 25 ga Maris 2018 an kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika da wasu, suka yi wata huɗu a tsare. Amma an san abin da ake faɗa a kai, an san wa ya ɗaga hannu, kuma a kasafin 2019 harajin kamfanonin wayar ya dawo.

Ku tuna da 22 ga Afrilu 2022, ranar da majalisa ta amince sojojin ƙetare da aka kora daga Mali su samu wurin zama a Nijar. Ƙuri'a 131 suka ce e, 31 suka ce a'a. Da yawanmu mun ji haushin wannan rana, ni ma na ji. Amma firaminista Ouhoumoudou Mahamadou ya tsaya a zaure ya kare matsayinsa, ƴan adawa sun faɗi nasu, kuma alƙaluman nan biyu sun shiga tarihi. Yau idan wani ya zo yana bugun ƙirji da kishin ƙasa, ana iya tambayarsa: ranar nan ina hannunka yake?

Kuma kada a ce majalisa ba ta taɓa cizo ba. Ranar 31 ga Mayu 2007 ta kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. A Mayun 2009, lokacin Tazarce, sai da marigayi Tandja Mamadou ya rusa ta kafin ya wuce da shirinsa. Ba a wahalar rusa abin da ba ya tare hanya.

Yanzu mu dawo gida.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba mana ranar 30 ga watan, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta daina aiki. Takunkumin zalunci ne, na faɗa a lokacin kuma ina nan a kan bakana: an hana mu magani da abinci, Najeriya ta yanke mana lantarki. A ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta janye shi. A watan Maris aka buɗe iyaka da Najeriya, hanyar Kamba ta dawo. Benin ta buɗe nata ɓangaren, hukumominmu suka bar namu a rufe, suna cewa akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin da ake shirya mana sharri daga cikinsu. Benin ta musanta. Fiye da shekara biyu ke nan muna kallon gada kamar hoto.

Wanda bai san Gaya ba ba zai gane nauyin wannan ba. Garin nan a kan hanyar Kwatano ya ginu. Kafin a rufe gada, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku, ta nan suke bi. A bayan kowace babbar mota da ta tsaya a layi akwai mai cika takardun duwan, akwai ɗan dako, akwai bakanike da mai faci, akwai mai tuwo da mai shayi, akwai mai gidan haya, akwai ɗan canji. Yanzu kaya sai sun zagaya ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma kuɗin zagayen yana ƙarewa ne a kan farashin buhu a kasuwa. Mutane kuwa ba su daina tsallakawa ba, don Dandi ɗaya ce a gaɓar nan da waccan: aure ɗaya, zumunci ɗaya, kasuwa ɗaya. Sai dai yanzu a kwale-kwale ake yi, da tsohuwa da jariri da buhunan kaya, ko ruwa ya cika ko bai cika ba.

Ku fahimce ni da kyau. Ban ce a buɗe gada gobe da safe ba. Ni ba soja ba ne, ba ni da bayanan sirrin da hukuma ke da su, kuma na san matsalar tsaro a yankin nan ba wasa ba ce. Wataƙila dalilinsu mai ƙarfi ne. Abin da nake tambaya daban ne: a wane zaure wani zai miƙe da sunan mutanen Gaya da Tanda da Tunuga da Bengu da Bana da Yelu, ya dubi minista ya ce, ranka ya daɗe, waɗanne sharuɗɗa ne idan sun cika za a buɗe? Nawa baitulmali ke asara a duwan ɗin Gaya? Wane tanadi aka yi wa waɗanda sana'arsu ta mutu? Wa ke duba lafiyar jiragen da ke ɗaukar mutane? Kuma amsar ta shiga takarda, yadda bayan wata shida za a iya ɗauko ta a ce, ga abin da ka faɗa, ina aka kwana?

Wannan shi ne aikin yau da kullum na majalisa. Shi ne abin da na yi wa hamma.

In kuna son ganin ranar da zaman majalisa ya shafi rayukanmu kai tsaye, ku leƙa maƙwabta. A farkon Agustan 2023, wa'adin da CEDEAO ta ba sojojinmu yana gab da cika, ana ta maganar yaƙi. Mu da ke Gaya mun san in aka fara, a ƙofar gidanmu za a fara. Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawan Najeriya wasiƙa. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda da amfani da ƙarfi ba. Ranar Asabar 5 ga Agusta majalisar ta zauna, ta fito ta ce a bi hanyar siyasa da sulhu. Ban ce su kaɗai suka hana yaƙi ba, malamai da sarakuna da talakawan ƙasashen biyu duk sun taka rawa. Amma majalisar da ƴan Najeriya ke zagi dare da rana kan albashi da motoci, ita ce a ranar ta zame wa mai niyyar yaƙi ƙarfen ƙafa. Ko majalisa maras kyau, in dai dole ne a bi ta cikinta, tana da ranarta.

Na san abin da wasunku za su ce, don a fada ma an faɗa mini.

Na farko: «Ai ƴan amshin shata ne.» Sau da yawa haka ne. Mun ga yadda masu rinjaye ke ɗaga hannu a kan duk abin da aka kawo. Mun ga dokar sauraren wayoyin jama'a ta wuce a Mayun 2020 bayan ƴan adawa sun fice daga zaure. Mun ga ana tsawaita dokar ta-ɓaci a Difa da Tilaberi da Tawa duk bayan wata uku kamar ana sabunta katin waya. Mun ga majalisa da kanta, in za ta tafi hutu, tana ba gwamnati izinin yin dokoki a bayanta. Ba na kewar waɗannan halaye, kuma ba na kiran a dawo mana da fuskokin jiya. Amma in rijiya ta ƙazantu yashe ta ake yi. Wanda ya cike ta da ƙasa don haushi, shi zai kwana da ƙishirwa.

Na biyu: «Muna cikin yaƙi, ba lokacin surutu ba ne.» Akwai sirrin tsaro, na yarda, kuma ko a da kwamitin tsaro yana iya zama a asirce. Amma farashin shinkafa ba sirrin soja ba ne. Kuɗin fito a bakin kogi ba sirrin soja ba ne. Kuma ku dubi wannan: dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi. Aka yi ta ƙorafi, a 2022 majalisa ta cire ɗaurin ta bar tara. A watan Yunin 2024 aka maido da ɗaurin ta hanyar odonans, wato dokar da shugaban ƙasa ke sa wa hannu ba tare da ta bi ta majalisa ba. Yawancinmu a rediyo muka ji, bayan an gama. Wannan doka ta shafi duk mai riƙe da waya, har da ni mai wannan rubutu, har da kai mai turawa gaba. Ko kana ganin ta dace ko ba ta dace ba, ai da kyau a ce ka ji labarinta tun tana daftari.

Na uku: «Ai yanzu akwai majalisar shawara.» Haka ne. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairun 2025 da kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar, an kafa majalisar CCR mai mambobi 194 a watan Yuni, ƙarƙashin Dakta Mamoudou Harouna Djingarey. Ba zaɓen gama-gari ya kawo su ba, kuma aikinsu ba da shawara ne, doka tana fitowa daga fadar shugaban ƙasa. Ba yau aka fara irin wannan ba: a 2010, zamanin Salou Djibo, an yi majalisar shawara da Marou Amadou ya jagoranta, ta duba daftarin kundin tsarin mulki kafin a kai shi gaban jama'a. Don haka ban raina CCR ba. Cewa nake, tunda ita ce zauren da ke akwai, to ta yi aikin zaure.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu ɗaya a ciki da zai taɓa tsaron ƙasa.

Ɗaya, a riƙa buga jadawalin kowane zama tun kafin a fara: ranar kaza za a duba batu kaza.

Biyu, duk daftarin da ya shafi haraji, ko kasafin kuɗi, ko ƴancin jama'a, a fito da shi fili kafin a sa masa hannu, a ba mutane ko da mako biyu su karanta.

Uku, a ware rana a kowane zama da ministoci za su zo su amsa tambayoyi, a watsa kai tsaye a Muryar Sahel da Tele Sahel, gidajen rediyon karkara su ɗauka.

Huɗu, shawarar da majalisar ta ba gwamnati a buga ta, a kuma faɗi wadda aka ɗauka da wadda aka ajiye. Shawarar da ba wanda ya ji ta, ba wanda zai san an bi ta ko an yi watsi da ita.

Biyar, a yi duk wannan da harsunan da muke ji. Sabon kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To a fara da kasafin kuɗi: a fassara shi da Hausa, da Zabarmanci da Dandanci, da Fulatanci da sauran harsunanmu, yadda mai sayar da rake a Bengu za ta ji abin da aka ware wa hanyar garinsu.

Sai kuma namu, don in mun tsaya a roƙo kawai mun koma gidan jiya. Mu matasa mun iya zanga-zanga, mun iya gangamin goyon baya, mun iya kwana a shataletale da tuta. Abin da ba mu iya ba shi ne karanta shafi goma na takardar hukuma. Sanarwar taron majalisar ministoci tana fitowa a jaridar Le Sahel, ana karanta ta a talabijin, tana yawo a Facebook. Mu nawa ne ke karanta ta har ƙarshe, ban da wurin naɗe-naɗen muƙamai don mu ga ko ɗan garinmu ya samu?

Ina ba da shawara kowace fada ta sayi littafi guda na rubutu. Duk mako mutum ɗaya ya karanta abin da aka yanke, ya fassara wa saura a kan shayi. A rubuta kwanan wata, a rubuta alkawari, a rubuta wanda ya yi shi. A nemi sanin su wa ke wakiltar jihar Doso a CCR, musamman na yankin Gaya. In sun zo gida, a je a gaishe su da ladabi, a miƙa musu tambaya a rubuce, a riƙe kwafi. Ba zagi, ba ƙazafi, ba yaɗa abin da ba a tabbatar ba. In sun dawo daga zama a koma a ce, ranka ya daɗe, ina labarin takardarmu? Wakilin da ya san za a tambaye shi a gida ba ya zama kurma a Yamai.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ƙarami ne ƙwarai. Amma ku tuna da layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka ce zai iso Gaya ya haɗe da Paraku. An yi biki, an yi kiɗa, mun yi tafi. Yau ga ƙarafunan nan a kwance, ba jirgi ba dalilinsa. Da a lokacin muna da ɗabi'ar tambayar takarda, wa ya sa hannu, da wane sharaɗi, wa zai biya in abin ya tsaya, da wataƙila tafinmu bai riga hankalinmu ba.

Ko ba daɗe ko ba jima za a sake zaɓen ƴan majalisa a ƙasar nan. In ranar ta same mu yadda muke, muna ganin aikin majalisa barci ne, to za mu sake tura masu ɗaga hannu, mu sake zaginsu shekara biyar, wani ya sake rusa su mu yi tafi. Tun 1974 muke wannan zagaye. In kuwa ta same mu da littattafanmu cike da kwanan wata da alkawura, ɗan takara zai shigo Gaya ya tarar da masu jiransa da tambaya, ba masu jiran atamfa da jika biyu ba.

Abokina ɗan kabu-kabu, na san za ka karanta wannan, ko a karanta maka. Ka ce majalisa ba ta taɓa yi maka komai ba. Wataƙila. Amma yau da babur ɗinka ke yini a inuwa, ka faɗa mini: wa ka aika ya tambayo maka yaushe za a buɗe gada, kuma a ina zai yi tambayar?

Littafin fadarmu ni zan saya. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu fara, kai ne mai dafa shayi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu kunnen saurare, mu kuma ya ba mu haƙurin karatu.